Hatsin Mai Rumbu Tara

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya san abin da ke cikin kowane rumbu tun ba a ɗaga murfinsa ba.

Zuwa ga ɗana, mai sunan Malam. Ina gaishe ka gaisuwar uwa, da fatan ka sauka lafiya a ƙauyen da aka tura ka, kamyon, babbar motar nan, bai kafe da ku a rairayin hanyar Mallawa ba. Allah Ya tsare ka daga ruwan rijiyar da cikinka bai saba da shi ba, da bakin mutanen da ba ka sani ba, da alherin da ba ka tambayi asalinsa ba.

Ba labarin gida zan ba ka ba. Kwana tara da tafiyarka, babu abin da ya canza a Magariya. Da hannuna na rubuta wannan takarda, da ajamin da kakanka ya koya mini, don ban yarda da mai rubuta wasiƙa na bakin kasuwa ba. Abin da aka gaya masa da hantsi, kafin azahar masu goro sun gama tauna shi. Kai ma kada ka ba kowa ya taya ka karantawa. In ajaminka ya yi tsatsa a lakwal, makarantar Nasara ta Damagaram, ka zauna ka goge shi.

Ka tuna maganarmu ana gobe za ka tafi. Ka ce mini yara ba sa karatu da yunwa, kuma wani Alhaji a can ya aiko da alkawarin hatsi, za ka sa a riƙa dafa wa ƴaƴan talakawa abinci a lakwal. Na ce, "Me yake so?" Ka yi dariya, ka ce, "Inna, ke kowa ɓarawo ne a wurinki. Zamani ya canza." Sai abokanka suka yi sallama, na haɗiye maganata, don ba a kunyata mushe, malamin lakwal, a gaban abokansa. Amma ban haɗiye fushina ba, yana nan, shi ne ma ya riƙe mini alƙalamin nan. Ka san sunayen kogunan ƙasar Nasara ɗaya bayan ɗaya, ba ka san abin da damin gero yake nufi ba in ya fito daga gidan mai shi.

Ka ji ni da kyau, ban ce kada ka ciyar da su ba. Ka ciyar da su. Yaron da bai karya ba, allo baƙi kawai yake gani, ba ya ganin abin da aka rubuta a kai. Na san haka fiye da kai, domin aikin da kake shirin sa wata mace ta yi, ni na riga na yi shi, kuma na ɓata shi. Ban taɓa gaya maka ba. Yau zan gaya maka.

Kana ɗan shekara huɗu, ubanka bai cika shekara a kabari ba, aka buɗe lakwal a ƙauyenmu na kudu da Waca. Rumfar zana ce da allo ɗaya. Shekarar nan fara ta sauka a kan gero yana cikin ƙosawa, kaka ta zo kamar ba ta zo ba. Nasara ya ce a kawo yara. Manyan gari suka ɓoye nasu, suka tattaro na waɗanda ba su da bakin cewa a'a: ƴaƴan masu ƙaramar gona, da jikokin bayin da, da yara uku daga rugar makiyaya. Malamin da aka turo mutumin bakin teku ne, muna ce masa Mushe Dogo. Mutumin kirki ne, sai dai Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da "zauna" ba. Yana ganin yara suna gyangyaɗi tun hantsi, ya ɗauka lalaci ne, har ranar da ya kama ɗaya yana tauna alli.

Ya nemi macen da za ta dafa musu. Kakanka ya ce kada in kusanci rumfar. Na je. Na gaya wa kaina tausayi ne ya kai ni. Gaskiya kuwa rumbun ubanka ya kai ƙasa, kai kuma kana ta kuka.

Hatsin daga wurin attajirin garin ya fito. Sunansa na yanka ba zan rubuta ba, ya mutu, yana gaban Wanda ya fi ni iya hukunci. Ana ce masa Mai Rumbu Tara, ko da yake biyu daga ciki ƙaiƙayi ne ya cika su, na leƙa da idona. Ranar kasuwa ya aiko da geron, a kan jakai huɗu, maroƙi a gaba yana wasa shi. Daga gidansa zuwa lakwal akwai ƴar hanya ta bayan masallaci, amma sai da jakan nan suka ratsa tsakiyar kasuwa, suka zagaya ta rumfar mahauta, don kada a sami wanda zai ce bai gani ba.

Mushe Dogo ya yi murna har yana tafa hannu. Ya juyo gare ni, ya nuna dammunan, ya ce, "Kyauta?"

Na ce, "Kyauta."

Nan na fara ɓata. Shi baƙo ne, yana da uzuri. Ni kuwa na karanta babin zakka da na sadaka a gaban kakanka tun ban yi aure ba. Na san akwai kyauta, akwai sadaka, akwai kuma abin da ake miƙa wa mutum don a ɗaure shi. A ƙasarmu, wanda ya ci hatsin wani a shekarar yunwa, ba a rubuta komai, ba a kira shaida, amma duk gari ya san hannunsa ya zama na mai hatsin. Ranar da aka ce zo, zai zo. Na san wannan kamar sunana, amma ina kallon geron nan ina jin ƙanshinsa, na ce kyauta.

To kai, kafin ƙwaya ɗaya ta Alhajinka ta shiga turmi, ka tare shi ranar Juma'a bayan an sallame, a gaban liman da iyayen yaran. Ka gaishe shi da ladabi, sannan ka ce, "Alhaji, wannan hatsi sadaka ne ko mene ne?" Ya faɗa da bakinsa cewa sadaka ce, babu yaron da za a aika, babu wanda zai je gaisuwa, babu gona, babu kiwo. Kada ka saurari bakinsa kawai, ka dubi fuskarsa. In ya ce, "Haba Mushe, har sai an yi haka tsakaninmu?" to ka mayar masa da kayansa. Ban san mutumin nan ba, wataƙila na Allah ne. In na Allah ne, tambayar ba za ta yi masa ciwo ba.

Bayan kwana biyu Mai Rumbu Tara ya aiko cewa hatsinsa na marasa shi ne, a ware masa su, ya san su. Na ga kamar magana ce ta hankali. Ni na ware su, don ni na san gidan kowa. Da rana ta take, sai in tsaya da ludayi a gindin tsamiya ina kiran sunaye, masu ci su fito, sauran suna kallo. Kafin sati ya zagayo an raɗa musu suna, ƴan kunun Mai Rumbu. Har a bakin rijiya ana kiran iyayensu mata da shi.

Wata rana ina wanke tukunya sai ga wata mace, Tasalla, da goyo a bayanta. Ɗanta Ilu yana cikin waɗanda nake kira. Ba ta yi sallama ba.

Ta ce, "Ƴar Malam, kakata ta daka hatsin gidan can har ta mutu a bakin turmi. Ubana ya fito da gatari ɗaya ya sari daji, don kada mu sake cin tuwonsu. Yau ke mai karatu, ke kika zuba wa ɗana shi da ludayinki, kina kiran sunansa kowa yana ji."

Ka san abin da uwarka ta ce mata? Na ce, "To ki kawo naki hatsin mana."

Ta dube ni, ta gyara goyonta, ta tafi. Na yi maganganun banza da yawa a rayuwata, bakina ba ya jiran izini, kai shaida ne. Amma wannan ita ce nake tunawa duk lokacin da na ɗaga hannu zan roƙi gafara.

Su kuwa yaran ruga uku, na kira su sun ƙi fitowa. Na zuba musu, sun kau da kai, alhali haƙarƙarinsu a waje. Na ce girman kai ne, wanda ya ƙoshi da girman kai ya kwana da shi. Ran nan ubansu ya zo da sandarsa a kafaɗa da ƙwaryar nono a hannu. Ya tsaya nesa, ya ce, "Mai tuwo, namu ba sa ci ana kallonsu. Ki ba su a bayan zana. Wannan kuma ki zuba a tukunya, kullum za a kawo. Mu ba ma cin abin da ba mu sa hannu ba." Na ji haushi, na ce a raina wannan da shanu uku ramammu yake mini fankama. Na karɓa dai, don nono yana gyara kunu.

Sai daga baya na gane ya fi ni karatu. Duk abin da zan ba ka labari yanzu, bai taɓa yaran nan uku ba. Mai Rumbu Tara bai taɓa aikawa a kira su ba, ko sau ɗaya, saboda nonon ubansu yana cikin tukunyar.

Saboda haka kada ka ware kowa, kada ka ba kowa sunayen masu yunwa, ko Alhaji ne, ko mai gari, ko Nasara. A dafa wa aji duka. Ɗan mai gari ya ci, kai ma ka nannaɗe hannun rigarka ta mushe ka ci, ko tuwon ya yi gari. Kuma kowane gida ya sa wani abu. Mai gero ya kawo tafin hannu, marar gero ya kawo itace, ko kuka, ko tsamiya, ko tulun ruwa, ko uwar yaron ta zo ta yi daka rana ɗaya. Ko hatsin Alhaji ya fi na kowa yawa, in kowa ya sa hannu babu wanda zai tsaya a kasuwa ya ce tukunyar tasa ce.

Ka san Alhamis ba a lakwal. Alhamis ta uku sai ga ɗan aike: Maigida ya ce yaransa su zo su taya ɓarar gyaɗa, abin wasa ne, za a ba su ƙuli. Yaransa. Na ji kalmar nan sarai, na ci gaba da tuƙa tuwona. Suka je. Alhamis ta gaba ma suka je. Daga nan aka ƙara da Juma'a, wai su je gaisuwa, su durƙusa a zaure. Iyaye suka bar su suna zuwa. Me za su ce, bayan an zagaya da jakai ta tsakiyar kasuwa?

Yanzu bari in gaya maka waye Ilu. Shekararsa kamar goma, siriri, da wata hula da ta fi kansa girma. Wata uku da buɗe lakwal yana karanta littafin Mushe Dogo, har in Mushe ya gaji sai ya miƙa masa alli ya tsaya a gaban allo. In an tashi ba ya tafiya, sai ya zo bakin murhuna ya baje toka ya riƙa zane da tsinke. Kai kana manne da shi kamar ƙaya. Ba za ka tuna ba, amma harafin Nasara na farko da ka sani, shi ya zana maka a toka, ka shafe da ƙafa, ya sake zanawa.

Wata rana na ga hularsa ta yi tudu. Na fizge ta a gaban yara, sai malmalar tuwo ta faɗo cikin rairayi. Na ce, "Ashe har da sata ake koya muku?" Yara suka fashe da dariya. Bai yi kuka ba. Ya durƙusa ya ɗauka, yana hure rairayin, ya ce, "Inna, nawa ne. Ban ci ba. Ƙanwata zan kai wa."

Da la'asar na bi shi gida. Uban ya tafi cin rani wajen Kano tun bara, ba labari. Yarinyar tana kwance a tabarma, ciki ya kumbura, gashi ya yi ja. Tasalla tana dafa ganye ba gishiri. Ta gan ni, ba ta ce in shigo ba, ba ta ce in koma ba.

Kunya ta kama ni, sai na yi abin da mai jin kunya yake yi in yana ganin yana da wayo: na yi sauri in gyara. Washegari na yafa mayafi na je zauren Mai Rumbu Tara, na durƙusa, na zayyana masa komai, har da launin gashin yarinyar, don ya ƙara mini mudu in riƙa kai musu a ɓoye. Yana saurare yana jan carbi. Da na gama ya ce, "Ashe gidan Tasalla ya kai haka? Allah sarki. Ai mutanenmu ne, ƴar Malam. Tun kakanni namu ne. Ki bar mini wannan."

Na fito ina jin na yi aikin lada. Kashegari aka kai dami har ƙofar Tasalla, da maroƙi. Ta karɓa, ɗiyarta tana mutuwa, wace uwa ce ba za ta karɓa ba? Bayan sati aka aiko Ilu ya raka jakai su kai gyaɗa Magariya, kwana uku kacal. Ya dawo aka ce ya kai taki gona. Daga taki sai sassabe. Gurbinsa a aji ya zauna babu kowa.

Da ƙafata na kai masa labarin inda katangar ta tsage. Kai kada ka yi haka. Yunwar gidan mutum sirrinsa ce, in ka gani ka rufe, kada ka kai ta wurin mai rumbu ko da niyyar alheri. In ka ga hular yaro ta yi tudu, ka dubi wani wuri. Ka ce wa mai dafa muku ta ƙara nauyin ludayi in ta zo kansa, ita ma ta dubi wani wuri.

Saura guda, ita ce mafi muni.

Da bazara aka ce kumandan, Nasaran da ke mulkin yankinmu, zai zo rangadi. Aka share fili, aka wanke yara. Mai Rumbu Tara ya aiko da akuya a yanka, tukunyar da ba ta taɓa ganin ko ƙashi ba. Mushe Dogo ya ce zai faɗi maganar Ilu. Tafinta, wanda ya riga kumandan isowa ya kuma sauka a gidan Mai Rumbu Tara, ya ja shi gefe, ni ina tsaye ina ji. Ya ce in aka ce yaro ba ya zuwa, ba attajiri za a tambaya ba, uwar yaron gardi, dogarin Nasara, zai zane a bainar jama'a. Sannan hatsi zai tsaya, sauran yaran su koma tauna alli. Ya ce, "Mushe ya zaɓa." Mushe Dogo ya fasa. Aka kawo wani yaro daga barorin gidan, aka koya masa kalmar da ake amsa kira da ita, aka zaunar da shi a gurbin.

Kumandan ya zo ya zauna a kujera. Mushe Dogo yana kiran suna, har ya kai kan Ilu. Yaron da aka zaunar a gurbinsa ya miƙe ya amsa. Nasara ya gyaɗa kai, adadi ya cika. Sannan ya taso ya zo wurin murhuna, ya sa aka ɗaga murfi, ƙanshin nama ya buge shi. Ya yi magana, tafinta ya ce, "Yana tambaya, kullum haka suke ci? Yara duka lafiya?"

Daga inda nake tsaye ina hango bayan shinge. Ilu yana can yana sauke mangalar taki daga kan jaki, ina ganin hular nan tasa. Da na ɗaga ludayi na nuna, da Nasaran ya gani da idonsa, ba sai tafinta ya juya maganar ba. Ban san abin da zai biyo baya ba, wataƙila bulala, wataƙila a sake shi. Ban gwada ba.

Na ce, "Kullum haka, ranka ya daɗe. Lafiya lau."

Kumandan ya miƙa wa Mai Rumbu Tara hannu a gaban jama'a, maroƙi ya ɗaga murya.

Kada ka ɗauka Nasaranka zai tsare maka yara. Shi adadi yake so ya cika, fuskokinmu duk ɗaya ne a wurinsa. Tafinta kuma ka duba gidan da ya sauka kafin ka saurari shawararsa. Kai ne ka san fuska, kai ne ɗan ƙasa, ba ka da uzurin Mushe Dogo. Yaron da ya yi kwana biyu bai zo ba, ka je gidansu da ƙafarka a rana ta uku, kada ka aika. Ranar rangadi kuma a dafa abin da ake dafawa kullum. Wanda ya aiko da akuya ranar, ka tambaye shi ina take jiya.

Bayan rangadi da kwana kaɗan, Mai Rumbu Tara ya biyo ta lakwal a kan dokinsa. Kana zaune a bakin tukunya kana suɗar ƙanzo. Ya tsaya, ya sunkuyo, ya ja kumatunka, ya ce, "Wannan fa ɗan wa? Ya yi ɓul-ɓul. Lalle hatsina ya karɓe shi."

E, kai ma ka ci. Wata shida kana cin geron mutumin nan, da shi ƙashinka ya yi ƙwari. Ranar kasuwa ta gaba na ɗaure kayana a zane ɗaya, na saɓa ka, na bi masu jakai zuwa Magariya gidan kawunka. Tukunyar na bar ta a kan murhu ko wankewa ban yi ba. Ban yi wa Tasalla sallama ba. Na tsere da nawa, na bar nata.

Da ka isa shiga lakwal, ni na kai ka da hannuna, lokacin da mata suke ɓoye nasu a cikin rumbu. Aka ce ƴar Malam ta haukace. Ni kuwa ina ganin in ka yi karatun da aka raba Ilu da shi, wani abu zai ragu a wuyana. Bai ragu ba. Ranar da ka shigo da takardarka ta mushe kana murna, ina guɗa, amma hular nan nake gani.

Yanzu ka ɗaga kai daga takardar nan, ka dubi mutumin da ya miƙa maka ita. Na ce masa ya jira ka gama karantawa, na san yana tsugune a ƙofa, don haka aka koya masa. Shi ne Ilu.

Tasalla ta rasu da daɗewa. Yarinyar ta rayu, tana aure a wajen Dungas, wannan kaɗai nake riƙewa. Mai Rumbu Tara ya mutu, ƴaƴansa suka gaji rumbunan, suka gaji Ilu. Shekara goma sha takwas ke nan yana bin jakansu, daga Waca zuwa Magariya, daga nan Mallawa har bakin iyaka. Duk sanda ya ratso ta unguwarmu sai ya tsaya ya gaishe ni, "Inna, ina gajiya?" Kai ka sha ganinsa a ƙofa ka wuce da littafinka. Bai taɓa gaya mini baƙar magana ba. Da ya zage ni sau ɗaya, da na fi samun barci.

Da na ba shi takardar nan ya juya ta sama da ƙasa, ya yi dariya, ya ce, "Inna, da ta Nasara ce, da na nemi harafi ɗaya ko biyu, in ba su gudu duka ba." Ya tambaye ni, "Ƙaramin nan mai shafe mini zane, shi ne ya zama mushe?" Na ce shi ne. Ya ce, "Madalla, ashe tokar ba ta tafi banza ba."

Tare da shi akwai buhun gero, daga gonata ne, da gumina. Da shi za ka ɗora tukunyar farko, kafin ka taɓa na kowa. Ka gaya wa mutane sadaka ce daga wata mace da ba ta son gaisuwa, kada ka faɗi sunana. In an sauke, ka kama hannun Ilu ka shigar da shi cikin aji, ba bakin ƙofa ba. Zai ƙi, ka matsa. Ku ci a akushi ɗaya yara suna gani. Ka dubi tafin hannunsa da kyau, ka riƙe shi a ranka zuwa ranar Juma'a, lokacin da za ka tsaya gaban Alhajinka. In akwai guntun alli, ka ba shi, kada ka tsaya kana kallon abin da zai yi da shi.

Zai sake biyowa ta wurinka bayan kasuwa biyu. Ka ba shi amsa a rubuce: abin da ka tambayi Alhaji, da abin da ya ce kalma da kalma, da yadda fuskarsa ta yi, da ko wa da wa ke wurin. In ba ka tambaya ba, ka rubuta cewa ba ka tambaya ba, in san irin ɗan da na haifa. Kada ka aiko mini da "lafiya lau." Na san nauyin wannan magana, ni ma na taɓa faɗin ta.

Allah Ya kiyaye ka a zaune da tafe. Ya tsare cikinka daga abin da zai rufe maka baki. Ya sa yaran da aka damƙa maka su ƙoshi, su tashi babu mai cewa nasa ne sai iyayensu. Ya jiƙan Tasalla, Ya yafe mini. Ya dawo mini da kai lafiya, da idon da zan iya kallo.

Uwarka ce, daga Magariya.